Baitoci Sun Tsira, Amo Ya Ɓace: Aikin Masu Tsara Kiɗan Dandali daga Atina zuwa Broadway

Da yammacin Juma'a da Asabar a watan Yuli, motocin bas kan yi jerin gwano daga Atina, babban birnin Girka, zuwa Efidauros, tafiyar awa biyu da 'yan kai. Tun rana ba ta faɗi ba jama'a ke hawa matakalar dutse, da yawa riƙe da ɗan matashin da za su zauna a kai, domin dutsen ya wuni yana shan rana.

Layukan zama 55 ne a jikin tudu, sun kewaye wani fili mai siffar faifai, kuma wurin kan ɗauki mutum wajen dubu 14. An gina shi a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da rana, masu yi wa baƙi jagora kan tsaya a tsakiyar filin su saki kwabo, wanda ke can layin ƙarshe ya ji faɗuwarsa.

Wajen ƙarfe tara duhu ya sauka, hayaniya ta kwanta. Jarumi ya fito ya yi jawabinsa, kowa ya fahimta. Sai ga mutum goma sha wani abu sun shigo filin a jere. Su ne 'yan amshi, kuma a nan gizo ke saƙar.

Baitocin da za su furta suna nan a rubuce, shekara fiye da 2,400 ke nan. Amon da aka rera su da shi kuwa ya ɓace, haka ma takun rawar. Duk wanda ya ɗauko ɗaya daga cikin wasannin nan, dole ya nemo mai tsara kiɗa ya ce masa: ga kalmomi, cike mana sauran.

Amsa uku a birni ɗaya

Matsalar ba ta Girkawa kaɗai ba ce, domin wasannin sun sake samun kasuwa a duniya. Tsakanin ƙarshen 2024 da farkon 2025, manyan gidajen wasa uku a Landan sun nuna wasannin Sofokilis, marubucin Girka na dauri, kusan a lokaci guda.

Darakta Robert Icke ya mayar da labarin sarki Edifus zuwa daren bayyana sakamakon zaɓe, ya ajiye 'yan amshi gefe. A gidan wasa na Old Vic, inda Rami Malek ya fito a matsayin wannan sarkin, Hofesh Shechter ya maye gurbinsu da 'yan rawa marasa magana, bisa kiɗa mai ƙarfi da shi da kansa ya tsara. A wasan Elektra kuma, wanda Brie Larson ta ja, wasu mata ƙalilan ne suka rera baitocin da amon da Ted Hearne ya ƙirƙira.

Wani ya cire, wani ya bar rawa ya zubar da kalma, wani ya riƙe waƙa. Masu sharhi sun yi ta jayayya, amma duk tambayar ɗaya ce: me za a yi da mutanen nan da ke tsayar da labari su yi waƙa?

Mutum ɗaya, aiki huɗu

A Atina ta ƙarni na 5 kafin Miladiyya ba wanda zai yi wannan tambayar. Ana nuna wasannin ne a bikin shekara na abin bautarsu Diyonisos, a ƙarshen sanyi, a gindin tudun Akrofolis. Gasa ce: marubuta uku, kowanne da wasannin ban tausayi uku da ɗaya na raha, alƙalai su fitar da gwani.

Marubucin shi ne mai waƙa, shi ne mai tsara amo, shi ne mai tsara rawa, kuma galibi shi ke horar da 'yan amshi. An ruwaito cewa Eskilos ya ƙirƙiri salon taku da dama, Sofokilis kuma ya taɓa fitowa da kansa yana kaɗa molon Girkawa a wani wasansa.

'Yan amshin ba ƙwararru ba ne. Maza ne 'yan gari, ana ɗauke musu aikin soja don su yi watanni suna atisaye. A wasan ban tausayi su 12 ne, daga baya suka koma 15, a na barkwanci kuma 24. Sanye da fuskar aro, sukan fito a matsayin dattawan gari, ko matan da aka kamo a yaƙi, ko ma tsuntsaye da kwaɗi. A wasu wasannin Eskilos, abin da suke rerawa ya kai kusan rabin wasan.

Makaɗi ɗaya ne ke tare da su, mai busa aulos. Bututu biyu ne ake sa wa baki lokaci guda, kowanne da ɗan kara mai harshe biyu a kansa irin na algaita, saboda haka muryarsa mai kaifi ce, tana ratsa fili. Mai busar kan ɗaura wata fata ta zagaye kumatunsa zuwa ƙeya. Ba ya rufe fuska, yana shiga da riga ta alfarma, yana tsaye cikin 'yan amshi yana ganin ƙafafunsu. A jikin wani tulu da aka zana wajen shekara ta 400 kafin Miladiyya, wanda ke gidan tarihi na Naples a Italiya, an zana dukan 'yan wasa, amma wanda aka zaunar a tsakiya shi ne mabushi Pronomos, mutumin Tibis.

Yadda waƙoƙin suka shiga jinin mutane kuwa, marubucin tarihi Fulutak ya ba da labari. Bayan rundunar Atina ta sha kashi a Sisili a shekara ta 413 kafin Miladiyya, wasu daga cikin waɗanda aka bautar sun samu 'yanci, wasu abinci da ruwa, saboda sun haddace baitocin marubuci Yurifidis suna koya wa mutanen tsibirin.

Abin da ya rage a hannu

Daga ɗaruruwan wasannin ban tausayi da aka nuna a wancan ƙarnin, talatin da 'yan kai ne suka iso gare mu, sai 11 na barkwanci daga Aristofanis. Masu kwafar littattafai na baya kalmomi suka dama da su, don da su ake koyar da nahawu da balaga. Alamomin amo, waɗanda makaɗa kaɗai ke karantawa, ba su ga amfanin wahalar kwafarsu ba.

Duk abin da aka tsinto na rubutaccen kiɗan Girkawan dauri guntaye ne wajen sittin. Akwai waƙoƙin yabo biyu da aka sassaƙa a jikin bango a Delfi a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, Faransawa masu tono suka gano su a 1893. Akwai 'yar gajeriyar waƙar Seikilos a jikin dutsen kabari da aka samu a Turkiyya, yanzu yana Kofenhagen. Na wasan kwaikwayo kuwa, wanda ya fi suna wani ɗan yankin takarda ne da aka samo daga Masar, yana Biyana ta Ostiriya, an buga shi a 1892. Layuka shida ko bakwai ne na waƙar 'yan amshi a wasan Orestis na Yurifidis, wanda aka fara nunawa a shekara ta 408 kafin Miladiyya. Gefunansa sun yage, tsakiyar kowane layi kawai ya saura, da ƙananan alamomi a saman gaɓoɓin.

Ana iya karanta alamomin ne saboda wani marubuci mai suna Alifiyos ya bar jadawalinsu. Daga nan aka gane cewa akwai tazarar sauti a kiɗansu wadda ta fi ta fiyano ƙanƙanta, irin wadda kunnen mai sauraron kiɗan Larabawa da Turkawa ba zai yi baƙunta da ita ba.

Nauyin gaɓa da karin murya

Akwai abin da bai ɓace ba, kuma Bahaushe zai riga Bature gane shi. Waƙar Girkanci a kan nauyin gaɓa aka gina ta: akwai doguwa, akwai gajera, doguwa ɗaya tana cin lokacin gajeru biyu. Haka rubutacciyar waƙar Hausa take, shi ya sa ma'aunan aruli na Larabci suka zauna mata daram. Duk ɗalibin da ya taɓa yanka baiti gaɓa-gaɓa a aji ya san aikin.

Ma'anar wannan ita ce takun kiɗan yana cikin kalmomin. Idan Yurifidis na son nuna firgici, akwai ma'aunin da yake ɗaukowa: gajera, doguwa, doguwa, gajera, doguwa. Gwada tafa shi da hannu, za ka ji yana ɗingishi, ba ya barin mutum ya natsu. Da shi aka gina waƙar Orestis da ke kan takardar Biyana, inda mata ke kukan halin da saurayin da ya kashe mahaifiyarsa ya shiga.

Da zarar an fassara baitocin zuwa Ingilishi ko Jamusanci, harsunan da ke tafiya da ƙarfin furuci ba nauyin gaɓa ba, wannan takun ya rushe. Mai tsara kiɗa a Landan ko Balin ya rasa amo, ya kuma rasa taku. A ganina mai fassara zuwa Hausa yana da damar da takwaransa na Turai ba shi da ita, in har ya ɗauki wahalar auna baitocinsa, domin harshen zai iya ɗaukar ma'aunin kusan yadda yake.

Sai kuma karin murya. Tsohon Girkanci yana ɗaga murya a kan gaɓa ɗaya ta kalma, kuma hakan na iya bambanta ma'ana, kamar yadda karin sauti ke raba kukan yaro da kukar miya. Waƙoƙin Delfi suna girmama wannan: inda magana ta hau, amo ya hau. Amma waƙar 'yan amshi baiti biyu-biyu take zuwa, ma'auni ɗaya, kuma bisa ga dukan alamu amo ɗaya, alhali kalmomin sun bambanta. Dole wani wuri amo ya saɓa wa kalma. Wani masani na zamanin Rumawa, Diyonisiyos na Halikarnas, ya lura da haka, ya kuma kafa hujja da wannan wasa na Orestis.

Tun a lokacin an yi ta ce-ce-ku-ce. A wasansa na Kwaɗi, shekara ta 405 kafin Miladiyya, Aristofanis ya yi wa Yurifidis shaguɓe kan jan gaɓa ɗaya a bisa sautuka da yawa. Aflatun ya koka cewa sababbin makaɗa sun bi son ran 'yan kallo sun ɓata tsari. Aristotal ya dage cewa a ɗauki 'yan amshi tamkar ɗaya daga cikin jaruman wasa, ya soki masu cusa waƙoƙin da ba su da alaƙa da labari. Ƙorafin nan na ƙarshe, duk mai kallon finafinan Hausa ko na Indiya ya taɓa jin irinsa.

Neman abin da ya ɓace ya haifi ofera

A ƙarshen ƙarni na 16, wasu masana da makaɗa a Fulorans ta Italiya, cikinsu har da Vincenzo Galilei, mahaifin masanin taurari Galileo, sun gamsu cewa Girkawa rera wasanninsu suke yi daga farko har ƙarshe. Suka nemi salon da ke tsakanin magana da waƙa. Ba su dawo da kiɗan Atina ba, amma daga yunƙurinsu aka samu ofera: Euridice ta Jacopo Peri a 1600, sai L'Orfeo ta Monteverdi a 1607.

Daga nan kowane zamani ya zuba nasa. A 1841 Mendelssohn ya tsara wa wasan Antigon kiɗa bisa umarnin sarkin Furusiya, da taron muryoyin maza da cikakken ayarin makaɗa. A 1927 Stravinsky ya mayar da Edifus zuwa Latin, harshen da ba mai magana da shi, ya sa mawaƙa su tsaya kusan ba motsi.

A Girka kanta, a wannan shekarar ce mawaƙi Angelos Sikelianos da matarsa Eva Palmer, Ba'amurkiya, suka shirya biki a Delfi. Ita ta kwaikwayi tsayuwar 'yan rawa daga zanen tsofaffin tuluna, ta nemi Konstantinos Psachos, masanin waƙar cocin Bizantiya, ya tsara amo. Bayansu darakta Karolos Koun ya juya ga ƙauye da kasuwa, yana ganin jinin wasannin na nan a bukukuwa da makokin talakawan Girka. Wasan Tsuntsaye da ya shirya a 1959, da kiɗan Manos Hadjidakis, hukuma ta dakatar da shi bayan daren farko, amma waƙoƙinsa suka bazu har Girkawa na rera su a gida. Iannis Xenakis, injiniya kuma makaɗi, ya bi wata hanya dabam a 1966: kiɗansa na Oresteia kaushi ne da ƙarar ganguna da ƙarafa, babu lallashi.

Masu tono da masu ƙirƙira

Yau akwai ɓangare biyu. Masu tono, irin su Stefan Hagel a Biyana da Armand D'Angour a Oxford, suna auna ramukan aulos ɗin da suka tsira a gidajen tarihi, a ƙera irinsu, a sa mabusa su yi shekaru suna koyo. A 2017 D'Angour ya cike giɓin takardar Orestis, aka rera ta a Oxford da taron muryoyi da aulos. Hujjarsu ita ce an daɗe ana cewa ba a san komai ba alhali an san abubuwa da dama, kuma wanda bai taɓa jin muryar aulos ba bai san irin zafin da marubutan suka ji a kunnensu ba.

Masu ƙirƙira na cewa ko an dawo da kowane sauti, ba za a dawo da kunnen mutumin Atina ba. Abin da ya sa shi hawaye na iya zama abin mamaki kawai ga ɗan kallon yau. A wurinsu aikin shi ne a samo amon da zai yi wa mutanen yanzu abin da wancan ya yi wa nasa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ba daga Turai ta fito ba. A 1983 Lee Breuer da makaɗi Bob Telson sun ɗauki wasan Edifus a Kolonos suka zuba shi cikin tsarin ibadar cocin baƙaƙen fatar Amurka. Ƙungiyar makafin mawaƙa ta Blind Boys of Alabama ce ta fito a matsayin makahon sarkin, Morgan Freeman ya zama mai wa'azi, ƙungiyar mawaƙan coci ta zama 'yan amshi. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa suke waƙa, domin a wannan al'adar jagora ya faɗa jama'a su amsa abu ne na kullum.

Haka marubutan Nijeriya suka samu abin a sauƙaƙe. Ola Rotimi ya dasa labarin Edifus a ƙasar Yarabawa a 1968, da waƙoƙi da ganguna. Wole Soyinka, a nasa Bacchae na 1973, ya ƙara ayarin bayi a kan 'yan amshin asali. Femi Osofisan ya mayar da matan Taroya matan Owu a 2004, suna makoki da Yarabanci. Wanda ya tashi yana jin Shata ko Ɗanƙwairo ya san cewa amshi ba cikon lokaci ba ne. Shi ke riƙe waƙar, shi ke ba jagora numfashi, kuma ta bakinsa jama'a ke shiga cikin zancen. Inda wannan al'ada ta yi rauni, can ne darakta ke rasa yadda zai yi da mutum 15 a fili.

Wa ke bin wani, makaɗi ko ɗan rawa?

Aikin da Eskilos ke yi shi kaɗai, yanzu ya rabu hannu da yawa, kuma inda rabuwar ta fi zafi shi ne tsakanin mai kiɗa da mai rawa. Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma a gidan rawar bale ta Rasha sau da yawa rawa ce ke ba da umarni.

Lokacin da ake shirya The Sleeping Beauty, wadda aka fara nunawa a 1890, mai tsara rawa Marius Petipa ya rubuta wa makaɗi Tchaikovsky jerin buƙatu dalla-dalla: a nan awo kaza, da sauri kaza, gimbiya na shigowa, a nan ta soki yatsa, kiɗa ya nuna jiri. Wani zai ga an ɗaure wa gwani hannu, amma daga cikin wannan ƙaidin ya fitar da ɗaya daga cikin ayyukansa mafi daɗewa.

A 1913 al'amarin ya juye. Stravinsky ya rubuta The Rite of Spring da takun da ke sauyawa kusan kowane awo, 'yan rawar da suka saba ƙirga takwas-takwas suka rasa madafa. A daren farko a Faris, 29 ga Mayu, ihun 'yan kallo ya danne makaɗa, har Nijinsky, mai tsara rawar, ya hau kujera a bayan labule yana ƙwala wa 'yan rawa ƙirge.

Martha Graham ta Amurka, wadda ta yi ta komawa ga matan labaran Girka, hanyarta dabam. Takan rubuta wa makaɗi bayanin abin da ke cikin zuciyar jarumar, ta bar shi da sauran. Haka Samuel Barber ya yi mata kiɗan labarin Midiya a 1946. Babban aikinta na 1958, Clytemnestra, wanda ke cin dare guda, ɗan Masar ne ya tsara masa kiɗa, Halim El-Dabh, mutumin da tun 1944 a Alƙahira ya naɗi muryoyin matan da ke bikin zar ya sarrafa su da na'ura. Ya san yadda ake kiɗa don jiki ya ɗauka, ba don kunne kaɗai ba. John Cage da Merce Cunningham kuwa yarjejeniyarsu tsawon lokaci kawai: kowa ya yi nasa, wani lokaci 'yan rawa ba sa jin kiɗan sai ranar nunawa.

Ko wace hanya aka bi, akwai abin da mai tsara kiɗan rawa ba ya tsallakewa. Mutumin da ya yi tsalle sai ya sauko, kuma ba ya saukowa da wuri don kiɗa na sauri. Wanda ya ɗaga abokiyar rawarsa sama yana buƙatar daƙiƙun da zai dire ta. Bayan minti biyu na gudu, huhu na neman hakkinsa. Shi ya sa jagoran makaɗan bale idonsa na kan ƙafafu, yana jinkirta bugu na ƙarshe har sai ƙafa ta taɓa ƙasa.

Hannayen da ba a gani a Broadway

Wasan waƙa da rawa na New York shi ne ya fi kusa da gadon Atina ta fuskar haɗa magana da waƙa da rawa wuri guda. Masu sana'ar na da ƙa'idar da suke maimaitawa: in magana ta gaza ɗaukar abin da ke zuci sai a rera, in waƙa ta gaza sai a taka. Oklahoma! ta 1943 da West Side Story ta 1957 su ne aka fi kafa misali da su, inda rawa ke ci gaba da ba da labari maimakon dakatar da shi.

Wahalar tana wajen sanin inda waƙa za ta zauna. A 1962, wani wasan barkwanci na Stephen Sondheim da aka gina kan labaran Rumawa yana ta faɗuwa a gwajin da ake yi a Washinton. Darakta Jerome Robbins ya kalla ya ce waƙar buɗewa ce matsalar, don ba ta gaya wa mutane cewa dariya suka zo yi ba. Aka sauya waƙa ɗaya, wasan ya tashi.

Akwai kuma ƙananan dabaru da ɗan kallo ba ya lura da su: kiɗan da ke tafiya a hankali ƙarƙashin magana don kada shigar waƙa ta zo a ba-zata, da 'yan awon da makaɗa ke ta maimaitawa har jarumi ya gama jawabinsa ko tafi ya lafa.

Sunan da ke jikin allo ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Akwai mai rarraba amo ga kayan kiɗa, akwai mai tsara kiɗan rawa, wanda ke zama a gaban fiyano a ɗakin atisaye makonni yana ƙirƙira nan take. Trude Rittmann, wadda ta gudo daga Jamus zamanin Nazi, ita ta tsara mafi yawan kiɗan doguwar rawar da ke cikin The King and I ta 1951, amma jama'a Richard Rodgers suka sani. Wannan rashin adalci ne, kuma ya daɗe yana tafiya a sana'ar.

Makaɗa ko faifai

A Atina hukuma kan ɗora wa wani attajiri nauyin ciyar da 'yan amshi da horar da su da tufatar da su. Ɗan siyasa Perikilis yana matashi shi ya ɗauki nauyin wasan Farisawa na Eskilos a shekara ta 472 kafin Miladiyya. Har yau a unguwar Plaka akwai hasumiyar da wani mai suna Lisikratis ya gina don tunawa da nasarar ayarin mawaƙansa, kuma a rubutun jikinta an ambaci sunan mai busa aulos.

Yanzu lissafin kuɗi ne ke yanke hukunci. Biyan mutum 15 albashin makonnin atisaye ya fi ƙarfin ƙananan ƙungiyoyi, sai 'yan amshi su koma uku, ko mutum ɗaya mai karanto baitoci. Ƙungiyoyin rawa da yawa sun koma bin faifai. West Side Story ta fara da makaɗa wajen 30. Hadestown, wadda Anaïs Mitchell ta gina kan labarin Orfiyos kuma ta ci lambobin Tony takwas a 2019, makaɗa bakwai gare ta. Sai dai ta fito da su daga ramin da makaɗa kan zauna ta zaunar da su a kan dandali, ido da ido da 'yan wasa.

Masu shirya wasa na da tasu hujjar. Tikiti ya riga ya yi tsada, kwamfuta na ba da sautukan da ba ayarin da zai iya, kuma faifai na ba ƙaramar ƙungiya damar yawo gari-gari. Gaskiya ne, kuma akwai ayyukan da na'ura ce asalin muryarsu. Amma faifai ba ya ganin ƙafa. Ba ya jiran jarumar da kuka ya shaƙe, ba ya ƙara sauri a daren da 'yan kallo suka ɗauki zafi. Ɗan rawa ne ke komawa bawan agogo.

Makaɗan Broadway sun yi yajin aikin kwana huɗu a 2003 kan wannan batu, aka tashi da rage mafi ƙarancin adadinsu a manyan gidaje daga ashirin da 'yan kai zuwa 18 ko 19. A 2023 rigimar ta dawo, lokacin da masu shirya Here Lies Love, wasan David Byrne kan Imelda Marcos ta Filifin, suka so amfani da naɗaɗɗen kiɗa zalla, suna cewa salon gidan disko ne ya buƙaci haka. Ƙungiyar makaɗa ta ce yarjejeniyar wannan gida mutum 19 ta tanada. Bayan an kai ruwa rana, aka daidaita a kan 12.